Baƙo a Ƙasar Kakanninsa

A shekarar 1908 jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya sauke Japanawa 781 a tashar Santos ta Birazil, suka shiga ƙwadago a gonakin kofi, zuriyarsu kuwa, waɗanda ake kira Nikkei, suka tashi da harshen Fotigis a bakinsu. Da Japan ta gyara dokar shige da fice a 1990, saboda masana'antunta sun rasa ma'aikata, sai ta buɗe ƙofa ga 'ya'ya da jikoki bisa hujjar nasaba, har Birazilawan da ke ƙasar suka haura 300,000 kafin 2008.

To, amma hujjar da hukuma ta karɓa, mai gadin gidan shaƙatawa na dare bai lazimci kansa da ita ba. A unguwanni irin su Kabukico ta Tokiyo, inda waɗansu gidajen ke liƙa sanarwa cewa sai Japanawa kaɗai, matashi ɗan Nikkei zai iso da fuska da suna irin na mutanen gari, a rusuna masa, amma da ya buɗe baki lafazinsa ya karkace, sai mai gadi ya gicciye hannuwa a ƙirji, alamar babu shiga. Uzurin gidajen shi ne baƙo ba ya fahimtar sharuɗɗa da farashi. Ba muna yabon waɗannan gidaje ba ne, wal'iyazu billahi. Illa dai ma'aunin nan shi ne wanda masu ba da hayar gidaje da yawa ke ɗauka, kuma a 2009, da tattalin arziki ya tsuke, gwamnati da kanta ta yi tayin yen 300,000 ga duk ma'aikaci ɗan Nikkei da ya rasa aiki, in ya yarda ya koma Birazil.