Turaren da Ya Dace da Bazara

Idan kun ji masu turare a Faransa suna ɗokin shigowar bazara, ku tuna tasu ba irin tamu ba ce. Can furanni ne ke buɗewa bayan sanyi. A garin Grasse ma a watan Mayu ake tsinkar wardin da ke shiga manyan turaruka. Nan kuwa, Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafi kan haura digiri 40.

Zafi yana tayar da ƙamshi. Humrar da ta yi miki daɗi da hunturu, Hajiya, ko al'ud ɗin da Alhaji ya saba shafa wa babbar riga, yanzu sai ya cika motar haya har wani ya roƙi a sauke gilashi. Ni dai a wannan lokaci na fi son mai ƙamshin lemun tsami ko wardi, mai sanyi a hanci. Aibin na lemun ɗaya ne: kafin azahar ya gudu, sai an ƙara.

A duba kwalba. Wanda aka rubuta wa "eau de toilette" man ƙamshinsa bai kai na "eau de parfum" ba, shi ya sa ya fi sauƙi cikin rana. Kada kuma a saya don an shinshina murfi. A ɗiga a wuyan hannu, a zaga kasuwa rabin sa'a, gumi ya gauraya da shi tukuna. In an kai gida, a raba kwalbar da bakin taga da cikin mota, domin rana na lalata turare.