Gallabat: Zangon Alhazai da Ya Zama Gari



Bahaushe ba baƙo ba ne ga yadda zango ke zama gari. Fatake su sauke kaya, mai tuwo ta girka tukunya, dillali ya shimfiɗa tabarma, kafin a ankara ga masallaci ga mai unguwa. Haka Gallabat ta faro a ƙarni na 18, a gindin tsaunukan Habasha, sai dai alhazai ne suka kafa ta: Takarir, mutanen Darfur da ƙasashen da ke yamma da ita, waɗanda suka yada zango a hanyar Makka, zama ya yi daɗi.

Abin da ya riƙe su kasuwa ce. Daga tudu ake gangaro da gahawa da zuma da kakinta, daga kwari a hau da auduga, a yi ciniki da dalar azurfa mai hoton Mariya Tarisa. Baturen nan Samuel Baker ya iske ta tana ci a 1862, ƙarƙashin Shehu Juma. Kada mu yi wa tarihi kwalliya: har bayi an sayar a wannan fili, kuma Musulmi ne dillalan.

Amma kasuwar da ke bakin iyaka kowane mai sarauta na da ido a kanta. Dakarun Mahadi suka mai da garin sansani. Daga nan kwamandansu Hamdan Abu Anja ya kai wa birnin Gondar na Habasha hari a 1888, a nan kuma Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya samu raunin ajali a watan Maris na 1889. Italiyawa suka kama garin a 1940, Ingilishi suka yi masa ruwan wuta.

Yau gada ce kawai tsakanin Gallabat ta Sudan da Metema ta Habasha, kuma kwalta ta haɗa Gadarif ta Sudan da Gondar. Ga 'yan canji da fam da bir a hannu, ga masu shayi, ga leburorin Habasha da ke tsallakowa aikin yankan riɗi a gonakin Gadarif. Uwargida ta sayi albasa a wannan ƙetare, ta haura ta sayo gahawa a wancan. A ganina, nan ne ƙarfin garin, nan ne kuma rauninsa, domin makullin shagon ɗan Gallabat yana hannun Khartum da Adis Ababa. Rikicin ƙasashen biyu kan gonakin Fashaga daga ƙarshen 2020 ya sa an sha rufe mashigar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban 'yan gudun hijira suka bi ta gadar, garin ya cika da baƙin da ba ciniki ya kawo su ba. A Satumbar 2024 mayaƙan Fano, 'yan tawayen Habasha, suka shiga Metema, Sudan ta sake garƙame ƙofa, manyan motoci suka yi cirko-cirko har cikin Oktoba.