Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta, malamanmu masu daraja, yayyena da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Da aka ce in yi jawabi, na san wasu za su zaci zan yi magana a kan aikin gwamnati. To, sai ku gafarce ni, yau a kan wasan kwamfuta zan yi magana, wato abin da yara ke kira gem, kuma ina da dalili.

Bara na leƙa ɗakin kwamfuta na wannan makaranta, na tarar da wani yaro ɗan aji biyar yana nuna wa abokansa wasan da ya ƙirƙira da kansa. Jarumin wasan ɗan akwati ne kawai, ba ido ba hanci. Suka yi ta kyalkyala dariya, ni ma, Allah Ya yafe mini, na taya su. Amma da na zauna na gwada, sai da na yi rabin awa ban iya tashi ba, kuma ban wuce mataki na uku ba. Daga baya malaminsu ya shaida mini cewa wata uku yaron ya yi yana wannan aiki, kuma tun ranar da aka yi masa dariya bai sake taɓa shi ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Jama'a, mu tuna da dara. Ramuka ne a ƙasa da 'yan itace ko tsakuwa, amma dattijai kan wuni a kanta, domin daɗinta yana cikin dabara ne. Haka abin yake a kwamfuta. Wasan Tetris, wanda da yawanmu muka buga muna yara, wani masani ne mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a kan wata na'ura, Electronika 60, wadda ba ta iya nuna hoto sam. Da alamun baka-biyu na rubutu ya zana tubalan. Duniya ta ɗauka, amma shi bai fara samun kuɗin aikinsa ba sai 1996. Wasan maciji kuwa, da kamfanin Nokia ya sa a wayarsa a 1997, layi ne baƙi yana bin ɗigo, amma wane ne a cikinmu bai ƙarar da cajin wayar babansa a kansa ba?

Ku dubi kuma wahalar da ke ɓoye. Wasan Super Mario Bros. na 1985 gaba ɗayansa bai wuce kilobayit 40 ba, bai kai nauyin hoto guda da kuke ɗauka da waya ba. Saboda ƙarancin wuri, masu yin sa a Japan sun yi amfani da zane ɗaya wajen gajimare da ciyayi, launi kawai suka sauya. Wani matashi a Amurka, Eric Barone, ya shafe fiye da shekara 4 shi kaɗai yana rubuta Stardew Valley, shi ne zane, shi ne kiɗa, shi ne labari, kafin ya fito da shi a 2016. Minecraft, wanda hotunansa duk tubala ne kamar na ƙanenmu, a 2023 aka ba da sanarwar ya sayar da kwafi sama da miliyan 300.

A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Disamba na 2020 an fito da Cyberpunk 2077, mai hotuna kamar fim, amma cike da kurakurai, har kamfanin Sony ya janye shi daga kantinsa na tsawon wata 6 sai da aka yi gyara. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Ba ina cewa kyan hoto laifi ba ne, shi ma gumin wani ne. Abin da nake cewa shi ne, miya ba ta yin daɗi don kyan kwano. Mu da ke ofis mun sha ganin rahoto mai bango mai sheƙi, a buɗe a tarar ba komai.

Saboda haka ina da roƙo guda biyu. Ku ƙannena, kafin ku kushe aikin wani, ku gwada shi tukuna, sannan ku tambayi kanku ko za ku iya yin rabinsa. Mu kuma 'yan ƙungiya, ina ba da shawara mu sa wa ɗakin kwamfuta wutar sola, don a riƙa buɗe shi bayan la'asar, kuma mu ware 'yar kyauta duk shekara ga ɗalibin da ya ƙirƙiri abu da hannunsa. Na ɗauki nauyin ta bana.

Shi kuma ƙanena mai ɗan akwati, na san yana cikin wannan zaure. Ka yafe mini dariyar da na yi, ka koma kan aikinka, domin har yanzu ina bin mataki na uku bashi.

Allah Ya albarkaci wannan makaranta, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.