Gishiri, kanwa da taki: yadda ake ƙidaya abin da ke rubuce a jikin buhu

Tun zamanin fatake, kanwa da gishiri na cikin kayan da Hausawa ke saukewa a Djougou a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. A lokacin, harshe ne ma'auni: a lasa, a gane. To yau idan ka shiga kasuwar Arzèkè a Parakou, farin abu ya yi yawa. Gishiri fari, takin zamani fari, kuma rubutun buhu da Faransanci yake. Amma akwai wani ɗan rubutu da ba ya canjawa ko a Najeriya, ko a Nijar, ko a Benin: fomula, wato haruffan nan masu ƙananan lambobi a gindinsu.

Mu fara da gishirin miya, NaCl. Abu biyu ne suka riƙe juna: sodiyam, Na, mai cajin ƙari ɗaya, da kulorayid, Cl, mai cajin ragi ɗaya. Kowane ɗayansu masana na ce masa ayon. Tamkar bashi da biya ne, dole lissafi ya tashi babu saura. Ba lamba a gindin kowa, saboda haka ɗaya da ɗaya, ayon biyu ke nan.

Sai kanwa. Babban sinadarinta shi ne Na₂CO₃. A nan ne mutane ke tuntuɓe. Wani zai ce biyu da ɗaya da uku, shida. A'a. Wannan ƙwayoyin zarra ya ƙirga, ba ayon ba. CO₃ ɗin nan dami guda ne, sunansa kabonet, ko an jiƙa kanwa a ruwa ba ya rabuwa da iskar ojijin ɗinsa uku haka kawai. Kai da ka saba ɗora dami a mota ka sani, dami ake ƙirgawa, ba karan da ke ciki ba. Kabonet na ɗauke da ragi biyu, shi ya sa yake neman sodiyam biyu. Jimla ayon uku.

Kada kuma ka ce tunda sodiyam biyu ne, kanwa ta ninka gishiri. A nauyi, gishiri tsantsa na da sodiyam kashi 39 cikin ɗari, sinadarin kanwa tsantsa kuwa 43, don kabonet ɗin da nauyi. Kanwar kasuwa ma ba ta kai haka ba, akwai ƙasa da ruwa da wasu gishirai a cikinta.

Idan ka ga baka, lambar da ke bayanta ta damin duka ce. Ɗauki (NH₄)₂SO₄, wanda buhu ke kira sulfate d'ammonium: amoniyam biyu, salfet ɗaya, ayon uku. Ca₃(PO₄)₂, dangin abin da ke gina ƙashin dabba: kalsiyam uku, fosfet biyu, ayon biyar. Duba lissafin: uku sau ƙari biyu shida, biyu sau ragi uku shida. Ya tashi daidai.

Me ya kawo wannan magana gidan makiyayi? Lissafin ne ke koya maka raba fomula gida biyu, ka ga wane ne a ciki. In ka raba ka tarar da NH₄ ko NO₃, wannan abincin gona ne, ba na lasa ba. NH₄NO₃ ayon biyu ne kamar gishiri, fari ne kamar gishiri, amma in saniya ta ci da yawa, jininta kan kasa ɗaukar iska, ta faɗi. CuSO₄, shuɗin nan da ake jiƙawa don wanke kofato, shi ma ayon biyu ne, kuma tumaki ba sa jure shi a ciki. Kada a bar ruwansa inda za su sha. Yuriya kuwa, CO(NH₂)₂, ga baka ga lamba amma ba ayon ko ɗaya a cikinta, don ba irin wannan haɗin ba ce. Duk da haka tana kashe shanu in sun samu buhu a buɗe.

'Yan kasuwa, roƙona gare ku: in kun zazzage kaya cikin wani buhu don sayar da tiya-tiya, ku kwafe fomular a jikin sabon buhun. Mako mai zuwa za mu ɗauki dutsen lasa, mu karanta takardarsa layi-layi.