Ci da Zumunci a Hanyar Gana

Shirinmu na wannan mako ya taɓo abu biyu da duk wanda ya yi wata ɗaya ko biyu a waje ya san nauyinsu: abin da zai sa a ciki, da gidan da zai sauka. Ga wanda bai samu saurare ba, ga abin da muka tattauna.

Kai da ke loda albasar Galmi wajen watan Maris da Afrilu, ko mai kora raguna kudu gab da babbar salla, ka san ranar tashi ce kawai a hannunka. Ranar dawowa sai yadda kasuwa ta yi. Tun 2023 da gadar Gaya da Malanbil ta rufu ga manyan motoci, ga kuma rashin tsaro a hanyar Burkina, kamyo kan yi kwanaki yana jiran rakiyar soja. In ka isa, dillali ya ba da kaya bashi, kai kuma sai zaman jiran kuɗi. Tafiyar da aka yi wa lissafin sati biyu sai ta cinye wata. To a wannan zaman ne riba kan zurare ta baki, ƴar kwano yau, ƴar kwano gobe, in ba a yi dabara ba.

Mu fara da guzuri. Na gida ba ya ba da kunya: gumba, cuku irin na ƙasar Tawa, kilishi, dabino, garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari, sai ganyen shayi da buta. Dukansu busassu ne, suna jure zafin mota, kuma ba sa bukatar wuta sai shayin. Wanda ya taɓa kwana uku a layin motoci inda ba mai tuwo, ya san darajar dunƙulen gumba ɗaya da ruwa mai kyau. Ruwan nan fa shi ne abin lura. Na leda ko na kwalba wanda bakinsa ke rufe ya fi, in babu a tafasa. Zawo da amai na iya kwantar da ƙato cikin yini guda, kuma ba wanda zai tsare maka kaya kana kwance.

Da ka ƙetara cikin Gana ta Bawku ko ta Paga, ka gangara Bolga da Tamale, za ka ji abin mamaki a bakin masu abinci. Da asuba mace na sayar da koko da ƙosai, har mutanen ƙasar na kiransa "Hausa koko". Kokon gero ne mai tsami, ya sha citta da kanumfari da barkono, ya fi namu yaji. Da hantsi ga abin da suke kira "waakye": shinkafa da wake ce tamu, sunan ma daga wake ya fito. Da karan dafi da ƴar kanwa ake dafa ta shi ya sa ta yi ja, a zuba taliya da gari da dafaffen ƙwai, a ɗiga shito, wato baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Da dare ga "tuo zaafi", tuwon zafi ke nan, mai laushi, da miyar ayoyo wadda mu muka sani da lalo. Tsire kuma a can cicinga ake ce masa.

Ina aka samo waɗannan sunaye? Ƙafar kakanninmu ce ta kai su. Ayarin fatake, madugu na gaba jakai na biye, sun yi ta kai kanwa da fata da tufafi Gwanja suna sayo goro. Salaga ce babbar kasuwar. Da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Karaci da Kumasi da Akra, suka kafa zango-zango. Inda suka sauka nan tukunyarsu ta sauka. Ko Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, yana saurayi ya bi ayarin Gwanja ya je ganin mahaifiyarsa da ta koma Akra da zama. Kun ga ziyarar dangi da neman kuɗi tun can tare suke tafiya.

Akwai kuma na mutanen kudu, wanda ya kamata ka ɗanɗana ko don ka samu abin ba yara labari. Dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da barkono. Yana riƙe ciki tun safe har la'asar. Fufu, sakwarar rogo da agade, ana haɗiye shi ne da romo, ba a tauna. Sai tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, wanda da yawa kan ci ran Lahadi. Abu ɗaya dai: a rumfar da ba ta zango ba, ka tambayi naman kafin a zuba, don ana sa naman daji, wani wurin har da alade. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai, sun saba da ita. In kana shakka, ka tsaya kan kifi.

Makiyayan da ke bi ta arewacin Binin da Togo su ma suna da nasu. A rugagen can ne ake yin wagashi, cukun Fulani mai laushi da ake daskarar da madararsa da tumfafiya, a soya ko a jefa a miya. Wanda ya saba da namu busasshe, ran da ya fara cin wannan ba ya mantawa.

To yanzu mu zo kan gidan sauka. Da wuya ka sami ɗan Adar ko Gobir ko Damagaram da ba shi da wani nasa a Aboabo ko Asawase ta Kumasi, ko Nima, Mamobi da Sabon Zango ta Akra. Wani baffa ne da ya tafi cin rani shekara talatin bai dawo ba, wata gwaggo ce da aure ya kai. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Ka kai kaya kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, inda aka mai da ita daga Agbogbloshie a 2021, ko ka kai dabbobi Tulaku ta Ashaiman, ka yi sati uku a gari ba ka leƙa gwaggonka ba, labari zai riga ka isa gida, kuma ba ka da amsar da za ka ba tsohuwa.

Ka je, kuma kada ka je hannu rabbana. Abin da ya fi faranta musu rai ba shi da tsada a wurinmu: daddawar gida, kuka, busasshiyar kuɓewa, yakuwa, tunkuza, cuku, man shanu, gero tiya biyu. Tsohon da ya yi shekaru yana shan kokon masara, ka miƙa masa geron garinsu a dama masa fura, ka ga yadda zai yi shiru. Daga nan sai tambaya: wane na nan? Rijiyar bakin kasuwa fa? Wa aka naɗa bayan rasuwar mai gari? Ka zauna ka amsa masa, kada ka yi ta duba waya. Ka kira gida ka ba shi ya gaisa da ƴan'uwansa. Ƴaƴansa da aka haifa can, masu Hausar zango gauraye da Turanci da Tuwi, ka faɗa musu sunan garin kakansu da sunayen dangi. Wata rana su za su nemi hanya, ko su ɗanka zai nema.

Sai dai fa baƙo raɓa ne. Addini ma ya sa haƙƙin baƙunci kwana uku, abin da ya wuce nan sadaka ce daga mai gida. Zango wuri ne mai matsi, ɗakin haya ne, ruwa saye, gawayi saye. Za a yanka maka kaza ranar farko, wataƙila da kuɗin da aka ranto, kuma ba mai faɗa maka. Saboda haka in zama zai yi tsawo, ka koma masaukin ƴan kasuwa wajen mai gidanka, ka riƙa zuwa gaisuwa ran Juma'a. In kuwa sun hana ka tafiya, ka sa hannu a cefane ba tare da an tambaya ba: ka shigo da shinkafa ko nama, ka damƙa wa uwar gida wani abu a asirce, ka ce na yara ne. Haka ake sake marhabin da mutum.

Abu na ƙarshe, Alhaji, ka raba zumunci da lissafi. Ɗan'uwa zai iya nuna maka amintaccen dillali, ya kai ka wajen sarkin zango in rigima ta tashi, ya tsaya maka wajen hukuma da harshen da ba ka ji. Wannan babban jari ne. Amma in za ka ba shi ajiyar sefa ko sidi, ko ka bar masa buhunan da ba a sayar ba, a rubuta, a sa shaidu biyu. Gidaje da yawa sun daina gaisawa saboda kuɗin da aka bayar bayan an ci tuwo, ba wanda ya ƙirga.

Ran dawowa kuma ka karɓi saƙo ka isar da shi yadda aka ba ka, ko goro ne, ko sabulun salo, ko turmin atamfa, ko gaisuwa ta baki kawai. Amana ce.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba takardun dabbobi da katin rigakafin shawara da ake tambaya a bakin iyaka. Kafin nan, wanda ke hanya Allah ya sauke shi lafiya, wanda ke jiran kuɗi Allah ya sa a biya. Mu kwana nan.