Kafin Mu Zuba Kuɗin Rance A Kantar Kicin

 

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya sake nuna mana zagayowar wannan rana lafiya.

Mu da ke riƙe da littafin rance mun lura da wani abu. Da dama daga cikinmu yanzu gyaran kicin ke kawo su neman kuɗi. Abin farin ciki ne, domin a nan muke tuyar waina da ƙosai, a nan muke murza alkaki da dubulan da cincin na biki. Kicin ɗin shi ne shagonmu. To amma mun ga inda aka kashe rabin rancen a kan kanta, wato shimfiɗar nan da ake aiki a kanta, shekara ba ta zagayo ba ta lalace, ga bashi bai ƙare ba. Shi ya sa muka ce bari mu yi magana tun ran gini, tun ran zane.

Mu fara da marbul, tunda shi ke ɗaukar ido a gidan amarya. Kyakkyawa ne, kuma sanyinsa na da daɗin murza fulawa. Sai dai ba ya shiri da tsami. Ruwan tsamiya, lemon tsami, tumatir, zoɓo, duk suna cinye ƙyallinsa, manja kuma ya shige shi ya zauna. Wace Bakatsiniya ce za ta yi azumi ba kunun tsamiya?

Giranit ya fi shi juriya. Yana ɗaukar zafin tukunya, wuƙa ba ta saurin yi masa zane, tsami bai cika damunsa ba. Matsalarsa tsada da nauyi. In za a sa shi, sai an yi masa ƙafafu na bulo da siminti, kar a ɗora shi a kan durowar katako mara ƙwari. A tuna da kuɗin yanka da na mota, musamman in daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a ɗauko shi.

Tayil shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba laifi. Cikas ɗinsa layukan da ke tsakani. Nan maiƙo ke taruwa, ƙurar hunturu ta hau kai, su yi baƙi. Wadda ta zaɓe shi ta sayi manya don layin ya ragu, ta kuma ajiye guda biyu ko uku, domin ran da ɗaya ya fashe, da wuya a samu irinsa a kasuwa.

Katakon nan na garin katako da aka manne, mai sheƙi a sama, shi muke roƙonku ku yi hattara da shi. Ruwa na shiga gefensa sai ya kumbura, kyankyasai su samu gida. Araha ba ta ado.

Kar kuma mu raina siminti da tarazo na iyayenmu. In magini ya iya aikinsa, sai 'ya'ya su gaje shi. Mai sana'ar abinci sosai kuwa, teburin ƙarfen silba ya fi mata, domin wanke shi minti biyu ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki roƙi mai shago ɗan gutsuren abin da kike so. Ki ɗiga masa manja a gefe, lemon tsami a gefe, ki bar shi ya kwana. Abin da kika gani da safe, shi za ki riƙa gani kullum.

Sauran abu uku. Tsayin kanta yawanci santimita 85 zuwa 90 ne, amma ki tsaya da kanki a auna da jikinki, tunda bayanki ne zai yi ciwo, ba na magini ba. Tukunyar gas kar a kulle ta a durowar da iska ba ta shiga. Turmi kuwa wurinsa ƙasa, ko wace irin kanta ce.

Mazajenmu, don Allah in za a je sayen kayan, a tafi da mai kicin ɗin, ko a kawo mata samfuri ta gani.

'Yan uwa, kuɗin nan zubin wata ne, tana jiran nata layin. Daidai ruwa, daidai tsaki. Duk mai niyyar gyara ta same mu kafin ta cike takarda, mu zauna mu yi lissafin tare.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya maimaita mana.