Hazon Hunturu Da Ruwan Damina: Jawabi Ga Jama'armu Ta Sabon Badun

 



Jama'a, abin da ya tsai da mu gabanku yau wata magana ce da muke yawan ji a bakin yaranmu, musamman tun bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021, lokacin da aka yi asarar rayuka, rumfuna suka ƙone, wasu suka kwashe iyali suka yi Arewa. Sai ka ji yaro ya ce, "Mu fa ba mu da wuri. Nan a ce mana baƙi, in mun je gida a ce mana 'yan Kurmi." Wannan magana tana da ciwo, kuma ba mu ce ƙarya ce ba. Amma kafin mu yanke ƙauna, muna roƙon ku ɗaga kai tare da mu, mu dubi yadda Allah ya ɗaure halittunsa da juna.

Mu fara da hazon hunturu. Kowace shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sai mu wayi gari ƙura ta rufe mana rana, leɓe na tsagewa. To daga ina take? Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, wanda a da can gindin wani babban tafki ne, ya ƙafe. Kuma ƙurar hamada ba a kanmu take tsayawa ba. Tana ƙetare Tekun Atlantika har Kudancin Amurka. A shekarar 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa fiye da tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a dajin Amazon duk shekara, ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga itatuwa. Ku ji ikon Allah! Wurin da ko ciyawa ba ta tsira shi ke aika wa kurmin da ya fi kowane girma taki.

To, Arewa ta aiko da ƙura, me Kudu ta mayar? Ruwa. Damshin da ke zama ruwan damina a gonakin iyayenmu daga wannan teku ta bakin Ikko yake tashi. Iska ta koro shi, ya fara zuba a nan wajen watan Maris, ya yi ta haurawa har ya kai Sakkwato da Katsina wajen Mayu ko Yuni. Wanda ya sauka a ƙasar Sakkwato ya bi gulbin Rima ya faɗa Kwara, Kwara ta sadu da Binuwai a Lakwaja, su koma teku inda ya fito. Ashe geron da aka yi mana fura da shi muna yara, ruwan Kurmi ya sha.

Mai tuƙa duk wannan kuwa, da izinin Allah, rana ce. Nisanta da mu kusan kilomita miliyan 150 ne, haskenta kan yi wajen minti 8 kafin ya iso gare mu. Zafinta ke ɗaga ruwan teku, shi ke motsa iska. Rana ɗaya ce ke busar da koko a gonar Bayarabe, take busar da tattasai a fadamar Bahaushe, ba ta taɓa tambayar kowa takardar asalin jiha ba.

'Yan'uwa, mu ma haka Allah ya yi mu. Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo, kakanninmu suka zauna kan fataucin shanu da goro. Har yau goron da muka fi so Yarabawa "gbanja" suke ce masa, sunan da ya samo asali daga Gwanja, inda fataken dauri ke zuwa sayensa. Shanu, wake, albasa da tumatir su gangaro, goro, manja da gari su haura. Bikin da za a yi a Kano ba a ɗaura shi sai da goron Kurmi, miyar da za a dafa a Bodija ba ta haɗuwa sai da kayan Arewa. Wa ke tsakiya yana sada su? Mu ne. Don haka yaron da ya ce ba shi da wuri, mu ce masa wurinsa shi ne tsakanin nan, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Gada ba ta wannan gaɓa, ba ta waccan, amma ran da ta karye kowa zai san amfaninta.

Sai dai fa wanda ke tsakiya nauyi ne a kansa. Tunda ƙurar Chadi na iya kaiwa Amazon, to kalma ɗaya ta zagi a bakin rumfa tana iya ƙona kasuwa, haka nan alheri ɗaya yana iya kare unguwa. Saboda haka muna kira da abu uku. Na farko, mu riƙe amana a mudu da ma'auni da bashi, domin sunan mutum ɗaya sunan jama'a ne. Na biyu, in saɓani ya taso tsakanin ɗanmu da ɗan gari, a kai gaban manya tun yana ƙarami, kada a bari jita-jita ta riga mu, musamman ta wayar salula. Na uku, yaranmu su yi karatun allo, su yi na boko, su iya Yarabanci, kada kuma su yar da Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In hunturu ya sake zagayowa kuka ga hazo ya sauka kan rufin kwanon Mokola, ku tuna daga nesa ya zo kamar mu, kuma ba a banza aka aiko shi ba.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa masu asara da alheri, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.